Ranar da Na Ari Ƙasar Kawu

Kuskuren da na yi ƙarami ne, ko da yake har yau Baba bai yarda ƙarami ne ba. Ƙasar wani na ara ban tambaye shi ba, na yini guda kawai, don in ji muryata a cikin rakoda.

Sai na fara da Kawu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Kawu shi ne mai shayin ƙofar gidanmu a Bukan Sidi. Mutumin Chadi ne. Yaƙi ya koro shi tun ina firamare, ya iso Lafiya a bayan motar shanu, daga shi sai butar shayi da bargo. Ya sauka a tashar doya inda Baba yake dillanci. Baba ya gan shi zaune kwana da kwanaki ba ya ce wa kowa komai, sai ya kawo shi gida ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Tun daga ranar Baba ya zama mai masaukinsa. A wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk mai neman wani abu wurin baƙo, aure ne ko tambaya ko rigima, ta ƙofar mai masauki zai fara bi. Ko akuyar baƙo ce ta ci rogon wani, mai masauki ake kira.

Sai ga shekarar da rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya bar ƙasar. Malaminmu na lissafi, mutumin Gana, ya tafi ya bar mana aiki rabi a kan allo. Mai gyaran takalmi na bakin kasuwa ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Kawu ba shi da wata takarda in ban da wadda yake naɗe burodi da ita, kuma ba inda zai koma, don a garinsu har lokacin harbi ake yi. Baba ya je wurin mai unguwa suka rufe ƙofa. Da suka fito aka sanar wa duniya cewa mai shayi ƙanen Mama ne.

Mama 'yar ƙabilar Alago ce, gajeriya. In tana daka a bayan turmi, sai ka ga kamar taɓarya ce take hawa da sauka ita kaɗai. Kawu kuwa in zai shiga zaurenmu sai ya naɗe kansa kamar tabarma, kuma ko gaisuwa bai iya da Alago ba. Amma unguwa gaba ɗaya ta haɗiye maganar ba tare da ruwa ba. Muka koma kiransa Kawu. Har ɗan sandan da yake shan shayinsa kullum da safe yakan dube shi ya ce, “Kai, jini bai yi ƙarya ba. Hancin nan na yayarka ne sak.”

Kowa dariya yake yi ban da Kawu. Shi da ya hango baƙuwar fuska da biro a aljihu, sai ya juya baya ya shiga wanke kofunan da ya riga ya wanke.

Ina aji uku a sakandare wata malama ta zo makarantarmu daga jami'a a Jos. Ta ce bincike take yi a kan mutanen da yaƙi ya koro daga ƙasashensu: ta ina suka shigo, wa ya karɓe su, me dokar kora ta yi musu. Ta ce so take ta rubuta, don masu tsara doka su riƙa bambanta wanda ya zo neman aiki da wanda ya gudo da ransa. Ta zagaye tasha da kasuwa ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Duk wanda ta tambaya a Lafiya aka haife shi, har da wani da ya ba ta amsar da Faransanci. Shi ya sa ta zo ko ɗalibai sun san wani.

Ni duk wannan bayani ta bayan kunnena ya wuce. Idona yana kan rakodar da ta ajiye a tebur, baƙa, mai jan maɓalli. Ta gwada mana ita. Shugaban makaranta ya yi jawabi, ta danna, sai ga jawabin ya dawo har da tarinsa. Na ji in ban shiga cikin akwatin nan ba, ba zan yi barci ba har in mutu.

Da aka fita tara na same ta a gindin mangwaro. Wallahi niyyata in ce na san wani. Amma da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Madam, ni ne.”

“Kai ne me?”

“Ɗan gudun hijira.”

'Yan ajinmu suka kewaye mu, kuma Allah ya saka musu da alheri, ba wanda ya tona. Ta danna jan maɓalli. Abin da na sani na labarin Kawu bai fi cikin cokali ba: akwai kogi, akwai buta a kai. Sauran ni na cika. Na ce jiragen yaƙi sun rufe rana har kaji suka shiga akurki. Na ce a bayan dorina muka tsallake kogi, kada yana bin mu yana lashe baki. Na ce a cikin sahara yunwa ta sa muka dafa bel ɗin kawuna muka ci, ƙarfen kawai muka bari. Ina yi ina karya Hausata irin ta Kawu, ina cewa “kalas” duk inda numfashina ya ƙare, wato “shi ke nan” a bakinsa. Wani ɗan ajinmu har da share hawaye.

Malama ta ɗan kalle ni ta saman tabarau a wurin dorinar, amma ta ƙyale. Sai ta ce, “Wannan kawun naka yana raye?”

“Yana nan garau. Shi ne mai shayi a Bukan Sidi, kusa da famfo.”

Ta mayar da kaset baya ta kunna mini kaɗan. Muryar da na yi duk wannan wahala dominta, ashe irin ta ɗan akuya ce da aka taka wa wutsiya.

Washegari Asabar, da hantsi, benci cike da 'yan lodin doya, sai ga farar mota mai rubutu a ƙofa, direba sanye da kaki. Malama ta fito da fayil a hannu, rakoda a kafaɗa. Ba ta nemi mai unguwa ba, ba ta yi sallama a ƙofar Baba ba. Kai tsaye ta nufi teburin shayi, a gaban kowa ta ce, “Sannu da aiki. Kai ne ka tsallako da yaron nan daga Chadi?”

Kawu yana tsakiyar sheƙa shayi, kofi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya tsaya cak. Ya dubi motar, ya dubi kakin, ya dubi fayil.

“Ni Alago ne,” in ji shi. “Bari in ɗauko suga.”

Ya shige gida, ya wuce Mama a bakin murhu, ya kai katangar baya. Bai yi tsalle ba, ƙafa kawai ya ɗaga. Daga baya muka ji ya faɗa wata a-kori-kura mai zuwa Adogi.

Baba ya fito yana gyara hula. “Malama, wa ake nema?”

“Kawun yaron nan, Baba. Ɗan gudun hijirar nan.” Ta nuna ni, ina ƙoƙarin shigewa bayan buhun gawayi.

“Wannan?” in ji Baba. “Ga inda aka binne cibiyarsa can, gindin gwanda. Hijira mafi nisa da ya taɓa yi, daga aji ce zuwa rafi.”

“Amma ya ce a bayan dorina…”

Mama ta leƙo da ludayi a hannu. “Dorina? Wannan da kaza mai 'ya'ya take kora har ɗaki?”

'Yan lodi suka kwanta a benci don dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, “'Yata, yaron nan nawa ne, zan ji da shi. Amma ke, a Jos haka ake yi? Baƙo yana da mai masauki. Da ta kaina kika biyo, da yanzu kina zaune kina shan shayi.”

Ta ba da haƙuri, ta ce ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ba ruwanta da 'yan shige da fice.

“Motar ta wa?”

“Ta jami'a ce.”

“Jami'ar ta wa?”

Malama ta gyara tabarau.

“To,” in ji Baba.

Hukuncina ya fi bulala. Baba ya ce tebur ba zai zauna babu kowa ba, kada a fara tambaya, don haka ni ne mai shayi har Kawu ya dawo. Shayina na farko, 'yan lodi suka ce sun taɓa ganin irinsa a rafin Amba da damina. Na gwada sheƙawa irin ta Kawu, rabi ya sauka a kofi, rabi a ƙafar wani direba. Ɗan sanda ya zo ya tambayi ina Kawu, na ce ya je ƙauye gaisuwar mutuwa.

“Wa ya rasu?”

“Tsohuwarsu.”

Kafin azahar mata sun cika tsakar gidanmu suna yi wa Mama ta'aziyyar uwarta, alhali tsohuwa tana can Awe lafiyarta lau tana dafa gishiri. Mama tana amsa gaisuwa tana hararata, tana nuna mini muciya ta ƙarƙashin mayafi.

Dariyar ta ƙare mini ranar da wani manomi ɗan ƙabilar Tibi, abokin cinikin Baba, ya zo daga Adogi. Ya ce Kawu yana gonarsa. Ya ce yana ta tambayar hanyar da ta fi kusa zuwa iyakar Kamaru, kuma ya roƙi a aika masa da bargonsa da butarsa. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Ni ma na leƙa ɗakin jikin zaure, na ga bargon a ninke, na fito ba tare da na taɓa komai ba.

Malama dai ba ta koma Jos ba. Ta sallami motar, ta ɗaura zani, ta kai wa mai unguwa goro, mai unguwa ya haɗa ta da ɗan aike zuwa wurin Baba, kamar ba ta taɓa ganin gidanmu ba. Ta yi sallama, aka shimfiɗa mata tabarma. Baba ya ce zai kai ta Adogi, amma ba suna, ba hoto, ba sunan gari, ba fayil, ba jaka. Kuma ba za ta yi tambaya ko ɗaya ba sai in shi ya ga dama ya yi magana. Ta ce ta yarda. Rakodar kawai ya bari ta ɗauka, ita ma a cikin kwandon Mama, an rufa ta da ganye. Ni kuwa a kunne aka riƙe ni har cikin mota.

Mun sami Kawu yana tula kunyar doya da garmar Tibi, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Kunyoyin da ya yi, ko ɓera ba zai yarda ya kwana a ciki ba. Da ya hango Malama sai ya waiga neman katanga, amma gona ba ta da katanga.

“Zauna,” in ji Baba. “Ta kaina ta biyo.”

Ya zauna a kan kututture. “Maigida, ba ni da magana.”

“Ba wanda ya ce ka yi magana. Saurare za ka yi. Malama, kunna masa abin da ɗan yayarsa ya faɗa.”

Muryar ɗan akuya ta cika gona. Wurin jirage da kaji, Kawu ya runtse ido. Wurin “kalas” na farko ya dube ni, na dubi ƙasa. Da aka zo kan dorina sai ya miƙe tsaye, duk tsawonsa.

“Wace dorina? Kai shaiɗan, wace dorina? Kwalekwale ne! Mun cika shi har ruwa yana taɓa baki, wata mata tana kwarfe shi da kwanon abinci.”

Rakoda ta ci gaba, ta kai wurin bel.

“La'ilaha! Ni na ci bel? Ga bel ɗina a ƙuguna! Matan garin Kusiri ne suka tare mu da kunu a bakin kogi, tsallaken Kamaru, Allah ya biya su. Malama, wannan za ki kai Jos a ce labarin mutanenmu ne?”

Malama ta dubi Baba, don an hana ta tambaya. Baba ya dubi sama.

“Kashe wannan,” in ji Kawu. “Ɗauki na gaskiya. Amma ba suna.”

Sauran kaset ɗinta suna cikin jakar da Baba ya hana ta ɗaukowa. Sai ta mayar da nawa farko, ta danna jan maɓalli a kansa. Ina kallo jiragena da dorinata suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya yi magana har rana ta karkata. Ya faɗi yadda suka kwana a sansani, da yadda ya bi motocin shanu gari gari, da abin da ya ji a cikinsa ranar da rediyo ya yi sanarwar nan. Ya ce yana da ƙane. Kwalekwalen ya cika, sai ƙanen ya miƙa masa butar ya ce, “Wuce, zan biyo na baya.” Ya zauna a bakin kogi yana duba duk jirgin da ya iso, har ya gaji da dubawa. Shekarun nan duka ina shan shayi daga butar nan, ban taɓa sanin haka ba. Daga nan matar mai gonar ta kawo sakwara.

Tare muka dawo da shi a bayan a-kori-kura, ƙafafunsa suna lilo a waje. Mama ta tare shi a zaure ta ce, “Sannu da zuwa, ƙanena. Ka sani uwarmu ta mutu ta dawo duk kana can.”

Ba wanda ya taɓa zuwa neman takardarsa. Har yau yana ƙofar gidanmu yana sayar da shayi, kuma har yau ƙanen Mama ne. Ya daɗe yana ba ni shayina ba suga. A kaset ɗin da Malama ta tafi da shi Jos, abin da ya rage nawa gyaran murya ne guda ɗaya, a farko.