Malama Ummi Kulsum da Gadar da Ta Karye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga Satumbar 2025, ina ofis aka bugo min waya cewa Allah Ya karɓi ran Malama Ummi Kulsum Bello Gusau a wani asibiti a nan Dubai, bayan jinyar ciwon ƙoda. Na daɗe a zaune da wayar a hannuna, ina tunanin yadda zan faɗa wa 'yata Muhsinat.

Malama, ni ba 'yar uwarki ba ce, kuma ba mu yi makaranta tare ba. Na san ki ne a sansanin dogon hutu na yara masu hazaƙa da ake yi a Al Qusais, inda kike koyar da kimiyya. Lokacin da zafi ke korar kowa zuwa gida Najeriya, ke sai ki zauna tare da 'ya'yan mutane, Larabawa da Indiyawa da namu, kina amsa tambayoyin da mu iyayensu muka gaji da ji.

Shekarar da aka ɗauki Muhsinat tana da shekara goma sha ɗaya, kuma ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba. Kika shirya wa yaran gasar gina gada da sandunan taliya da gam, a ɗora mata nauyi a gani. Tata ce ta fara karyewa, a gaban kowa. Ta dawo gida ta kulle ɗaki, ta ƙi cin abinci, ta ce khalas, shi ke nan, ba za ta koma ba. Ni ma na goyi bayanta.

Washegari da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofarmu a Abu Hail. Ke ce, kin sauko daga jirgin ƙasa na metro kin tako a cikin wannan rana, mayafinki ya jiƙe da gumi, ga leda a hannunki. Gutsattsarin gadar ne kika tsince a ciki. Na ce miki, "Malama, an kunyata min yarinya."

Kika sha ruwa tukuna, sannan kika ce, "Maman Muhsinat, yarinyar nan ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma shi ne abin da ke ba ni tsoro. Gara ta fara a wurina, inda akwai mai ɗaga ta."

Kika zauna a kan kafet, kika baje gutsattsarin, kika kira ta: "Yalla, 'yata, zo ki nuna min inda ta fara karyewa. Ni ban gano ba." Ta fito da kumburarrun idanu. Har aka kira magariba kuna nan kuna jujjuya taliya.

Ta koma. Gadarta ta sake karyewa, kuma ba ita ta ci gasar ba. Amma ranar rufe sansani na gan ta tana dariya tare da yaron da ya ci, tana tambayarsa yadda ya ɗaure ƙasan tasa. Yau malamanta na makaranta suna cewa takan ɗaga hannu ko da ba ta da tabbacin amsa. Wannan daga gare ki ne.

A hutun bana jikinki ya riga ya yi rauni. Kina fitowa daga wankin ƙoda ki wuce aji, ki koyar a zaune. Da na roƙe ki ki huta, sai kika ce an riga an yi wa yaran alkawari. Kin kai su har ranar ƙarshe.

Da na gaya wa Muhsinat rasuwarki, ba ta yi kuka nan take ba. Ta yi alwala, ta shimfiɗa sallaya, ta tambaye ni addu'ar da ake yi wa mamaci. Na koya mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Injiniya Mubashir, da 'ya'yanki Izzuddeen da Nana Firdausi, da mahaifiyarki Hajiya Asama'u da ke Gusau. Ina kuma yi wa ɗalibanki, don su ma sun yi rashi, ko da yake ba a saba zuwa yi wa yara gaisuwa ba.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Ummi Kulsum, Ka yafe mata, Ka sa jinyarta ta zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, Ka sanya ilimin da ta bayar ya riƙa isa gare ta har ranar tsayuwa. Ka ba 'ya'yanta masu riƙe su da tausayi kamar yadda ta riƙe namu. Amin.