Ɗanliti Mahauci da Ungulun Indiya

Shekara arba'in Ɗanliti mahauci ya yi yana jifan ungulu a mayankar garinsu, har damtsensa na dama ya fi na hagu kauri.

Rannan 'yarsa Ramlat, mai karatu a Indiya, ta bugo waya tana murna. Wai ita da abokan karatunta sun kwana biyu a daji da madubin hangen nesa, sun ga ungulu uku.

"Ungulu dai mai sanƙo?" in ji shi. "Don ita kuka sha rana?"

"Baba, sun kusa ƙarewa a nan."

"Ki dawo gida in ba ki ɗari kyauta!"

Ranar kasuwa ya zuba hanji a bayan mayanka, ya zauna da waya zai ɗaukar mata hoto. Karnuka suka zo, ƙudaje suka zo. Kasuwa uku yana wannan zaman, ko inuwar fiffike bai gani ba. Cikin mahauta ma babu mai tuna rabonsa da ganin ungulu.

Yanzu in an tambaye shi me yake leƙe a sama, sai ya harari mutum ya ce, "Ina jiran wadda zan ba haƙuri."