Kyankyaso Ɗaya, Makaranta Uku

Kado

Ana idar da sallar asuba muka bar Kado, ni da Malam Sabo direba, da kwalaye huɗu a but ɗin mota. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a jami'a, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran makarantun gefen gari, da ke zuwa mana ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Na bi abokan aiki da roƙo har muka haɗa kayan ɗakin gwaji guda. Makarantu uku na aika wa cewa ina tafe duba ɗakunan gwajinsu. Wadda ba ta da komai zan bar wa kayan, amma ban faɗa ba, wai ni mai wayo, kada wani ya ɓoye nasa.

Kurudu

A Nyanya masu shiga gari sun cushe, mu hannunmu fayau. Makarantar farko tana bayan kasuwa. Ɗakin gwajinsu tsaf, kwalabe a jere, yara tsaye cikin fararen riguna da suka yi musu yawa, ba mai ko tari. A cikin wata kwalba mai dogon wuya na hango mataccen kyankyaso a rigingine, ƙafarsa ɗaya a karye. Na yaba musu, na sha shayin da aka kawo, muka wuce.

Orozo

A nan ma tsaf, a nan ma shiru. Ina zagayawa sai ga kwalba mai dogon wuya, ga kyankyaso a rigingine, ƙafa ɗaya a karye kamar na ɗazu. Na yi a'uziyya a zuci, na sha shayinsu, na yi musu sallama a gurguje.

"Hajiya," in ji Malam Sabo a mota, "akwai wata farar bas da ke gabanmu tun safe. Duk inda muka tsaya, muna shan shayi take fita."

Karshi

Titin ya ƙare, muka bi burji tsakanin gonakin doya har makaranta ta uku. Ban nemi kyankyason ba, shi ya fara kallona. Na ɗauki kwalbar na miƙa wa wata yarinya a layin gaba, na ce ta zuba ruwa. Ta mayar da hannuwanta baya.

"Ma, an ce kar mu taɓa. Ba namu ba ne."

Shugaban makarantar, dattijo mai furfura, ya zauna a bakin tebur.

"Ranki ya daɗe, aro ne. Duk makarantun nan haka muke yi in masu dubawa za su zo. In aka ce ba mu da ɗakin gwaji, za a hana yaranmu zana jarrabawa a nan. Masu iya zuwa har Mararaba su zana a can ƙalilan ne a cikinsu, musamman 'yan matan. Don Allah ki rufa mana asiri."

Kunya da tausayi suka kama ni. Na ce Malam Sabo ya sauke kwalayen. Na buɗe ɗaya, na ɗora sabuwar kwalba a tafin yarinyar.

"Wannan taku ce. In ta fashe, ta fashe."

Ta dubi shugaban, ta dube ni. Tafinta a buɗe yake, ta kasa dunƙule shi, sai da na naɗe mata yatsun da kaina, ɗaya bayan ɗaya.

Gida

Mun iso Kado bayan la'asar, na gode wa Allah, na gode wa Malam Sabo. A dawowa mun bi ta ƙofar makarantar Orozo da ta Kurudu ana tashi. Yaran suka gane motar, suka bi mu da gudu suna ɗaga hannu, suna murna sun rufa wa makarantarsu asiri. Ni ma na ɗaga musu, but ɗinmu babu komai.