Idon da Ya Ƙare a Farautar Ƙugiya

Kullum da hantsi zai buɗe shagon buga takardun da yake wa aiki, ya kakkaɓe kujera, ya goge tabarau da bakin riga, ya kunna kwamfuta. Baba Ƙugiya mutanen layin suke ce masa, don aikinsa ke nan: farautar haruffa masu ƙugiya, su ɓ da ɗ da ƙ. Tsohon rubutu in aka buɗe shi a sabuwar na'ura, sai haruffan nan su rikiɗe su zama 'yan akwatuna, duk kamarsu ɗaya. Shi ya haɗa wa kwamfutarsa wani ɗan umarni, makiro a bakin masu sana'ar, mai bin shafi yana zaƙulo su.

Sauran masu buga takardu maɓalli ɗaya suke dannawa a musanya duka, ko ta yi ko ba ta yi ba. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi. Nasa makiron tsayawa yake a kan kowane akwati, sai Baba ya duba da idonsa. Mai shagon ya sha yi masa tsiya: "Baba, ka sayi mota kana turawa."

"Motar ba ta san gidan kowa ba," in ji shi.

A kan idonsa abin ya ƙare. Bara likita ya ce hasken allon yana cinye ɗan ganin da ya rage masa. Ko ya bari, ko ya rasa shi ɗungurungum. Har ya sa ranar ajiye aiki, sai ga wata mata da ba ta daɗe da fita takaba ba, ɗauke da tarihin zuriyarsu da mijinta ya rubuta. Akwatuna sun cinye shi, har cikin sunayen kakanni.

"An ce kai kaɗai za ka iya, Baba."

"Ba su gaya miki na kusa makancewa ba?"

"Ai ni ina gani."

Ta ja kujera. Makiro ya tsaya, ta karanta, Baba ya danna. Amma a sunayen mutane bai yarda da kunne kawai ba. Sai ya kai hanci dab da allo, hawaye na zuba, ya tabbatar. Mai shagon ya ce wani lokaci takan tsaya a tsakiyar layi, don ta ji salon maganar mijinta. Baba sai ya ɗauke hannu ya jira, bai taɓa ce mata ta yi sauri ba.

Da littafin ya fito ta kai masa har gida. Ya riƙe shi a juye bai sani ba, yana shafa shafukan.

"Ƙugiyoyin sun fito?"

"Duk sun fito, Baba."

"To karanta mini sunayen."

Baba, kai ne mai mayar wa harafi ƙugiyarsa, kai ne wanda bai raina ɗigo ba. Ba a sa sunanka a bangon littafi ko ɗaya ba, mu kuma muka karanta muka wuce. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya musanya maka da hasken da ya fi wanda ka bayar.

Ku kuma masu gaggawa, kujerarsa tana nan a shagon, makironsa yana cikin kwamfutar. Har yau in an kunna shi, yakan tsaya a akwatin farko yana jiran mai dubawa.