Da Sauƙi Na Ce Mashi

A shekarar da abin ya faru ni matar manomi ce a Cake, ban daɗe da gama karatun manya ba, kuma ba ni da yawan magana. Ɗana na fari ɗan barkwanci ne. Tun yana lakwal, ɗan makaranta, yake kwaikwayon mutane, amma kwaikwayon ubanshi ya fi iyawa: yadda yake gyaran murya kafin ya yi faɗa, da yadda yake lallashin jakinmu kamar suruki. Kowa na dariya ban da maigidana. Ya kan ce wannan ba sana'a ba ce, har suka kai gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Da aka shirya festibal na 'yan barkwanci a Tasawa, aka gayyaci yaron. Karo na farko ke nan da zai riƙe mikoro gaban manyan sana'ar. Ya tafi ya bar uban kwance da ciwon ƙirji. Ranar wasan da hantsi, maigidana ya ce in kira mashi yaron, yana da magana da shi. Har ya ƙara da cewa ashe ɗan banzan nan ya iya muryarshi, ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

Kafin in kira sai ga wayar yaron, yana neman addu'a. Ya tambaye ni jikin Baba. Na ce da sauƙi. Haka muke cewa, ko mutum bai iya ɗaga kai, kuma a raina na ce gobe ma ai ya zo. Ya sake tambaya, Inna, da sauƙi dai ko? Na ce da sauƙi, Allah ya ba da sa'a. Ya ce zai kashe salula sai an tashi.

Bayan azahar rai ya yi halinsa. Ƙanen mijina ya yi ta kira bai samu ba. Lokacin da ake sallar gawa, ɗana na bisa dandamali yana wasan tsoho da jaki, jama'a na ihu a maimaita. An ce babu wanda aka tafa wa kamarshi. Da ya sauko ya kunna waya, ya hau kabu-kabu, amma ya tarar tuni an dawo daga kushewa.

Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Ya durƙusa ya tambaye ni ko Baba ya bar wata magana. Na gaya mashi ta hantsin nan. Ya ce to me yake son ce mashi? Ban sani ba, kuma babu mai sani.

Har yau yana zuwa wasa wajen biki, amma in aka roƙi tsoho da jaki sai ya ce ya manta. Ni kuwa nakan sa maƙwabciyata ta kunna mani bidiyon ranar, don nan kaɗai muryar mijina ta rage.

'Yan uwana mata, da sauƙi amsar mai gaisuwa ce daga zaure. In ɗan mutum ya tambaya, balle ya tambaya sau biyu, ku gaya mashi yadda jikin yake, ku bar shi ya zaɓa. Ni na zaɓar wa nawa tafi, shi kuwa maganar ubanshi yake nema.