Ilu Mai Hidimar Ɓeraye

Shekara ashirin Ilu na Gwangwan ya yi yana tallar maganin ɓera a kasuwar Rogo, lasifika rataye a wuya, yana yi wa ɓeraye alkawarin mutuwa tun kafin su kai bakin rami. Sai 'yar ƙanwarsa Munawwara, wadda ta yi karatun sinadarai har ta zama dakta, ta samo masa aiki a jami'ar da take koyarwa. Ya ɗinka sabuwar riga, ya yi sallama da 'yan kasuwa kamar wanda aka naɗa kwamishina. Da ya isa aka nuna masa ofishinsa: fararen ɓeraye arba'in a keji, shi zai riƙa ba su abinci yana kwashe musu kashi.

Ɓerayen kuwa 'yan gata ne. Ɗakinsu da sanyi, ruwan shansu tatacce, ko atishawa ɗaya ya yi sai an rubuta. Kafin Ilu ya shiga wajensu sai ya wanke hannu ya rufe hanci, kada talaka ya shafa wa manya cuta.

"Kawu," in ji Munawwara, "akwai wani ƙari, wato kumburin ciwon daji, da iskar oksijin ba ta isa cikinsa sosai, shi ne mai taurin kan da ba ya jin magani. Sinadarin da nake haɗawa, in na yi wa ɓera allurarsa, da ya isa wurin sai ya yi haske, mu ga ƙarin ba sai an tsaga ba."

Ilu ya zaci ɓera zai kama kamar tocila. Bayan shekara uku ana ta gwaji, abin da ya gani ɗan jan ɗigo ne a fuskar kwamfuta, bai kai ƙwayar dawa ba. Manyan malamai suka yi ta tafi da musabaha. Ɓeran da ya sha allurar ko sannu ba a ce masa ba.

Da damina ƙari ya fito wa yayansa Sulle a wuya. Ilu ya sami Munawwara a ofis.

"Dakta, kawunki Sulle fa. A ɗan sam masa allurar nan mana."

"Kawu, ba a kai ga mutane ba tukuna. Sai nan da shekara goma, in an dace."

"To, Allah ya kai mu matsayin ɓera."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye aikinta ta ɗauko Sulle da motarta zuwa asibiti, suka yi sati biyar suna sintiri kafin na'urar hoton asibitin da ta lalace ta gama hutawa. Aka yi masa aiki aka cire ƙarin. Ya koma Gwangwan da tabo da dusasshiyar murya, da shi kuma aka yi cirar gyaɗa bana.

Ilu yana nan a bakin aiki. In ya je gida aka tambaye shi me yake yi a jami'a, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Binciken ciwon daji muke yi, ni da Dakta."