Zannuwa Huɗu da Na Yanka

Mu shida ne, ƙawaye. Kowace shekara idan an gama girbi, mukan bar Azare mu tafi Yana, gidan Hajiya babbarmu, mu yi kwana uku muna ɗinkin bargon ƙyallaye. Kowa takan zo da abin da ta tara a shekara, ragowar atamfa daga wurin tela ko tsohon zanen da bai mutu duka ba. Bargo ɗaya muke yi, kuma bi da bi ake ɗauka.

Aikin yana da tsari, ni ce kuma mai tsare shi. Ranar farko wanki da guga da yanka. Ranar biyu haɗi. Ranar uku a sa shafi, a bi da allura, a yi kalmasa. Almakashi a hannuna yake zama, domin ban yarda da yankan kowa ba.

A daminar wata shekara ƙaramarmu ta rasu, bayan zazzaɓin mako guda. Ta bar miji, da mahaifiya a Gadau, da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta kai shekara huɗu ba. Da kaka ta zo muka yi shawarar mu je Yana kamar kullum, mu yi bargon, mu ba 'ya'yanta.

Muna isa Hajiya ta fito da wani ƙulli. Zannuwa huɗu ne na marigayiya, masu kyau, ko koɗewa ba su yi ba. A zuwanmu na bara marigayiyar ta bar su, ta ce ta gaji da ganinsu, idan mun dawo a yanka. Dukkanmu mun ji lokacin da ta faɗa. Na wanke su, na goge, na auna da kwali, na yanka. Kafin la'asar sun zama ƙyallaye, na jera su kala-kala a kan tabarma.

Yaya, ɗaya daga cikinmu, wadda iyayenta mutanen Yobe ne, ba ta iso ba sai washegari da hantsi, saboda jikarta ba lafiya. Ta ajiye jaka, ta tsaya a kan tabarmar.

“Wannan ba zanen yarinyar nan ba ne?”

Na ce shi ne, na gaya mata abin da muka shirya.

“An raba gadon nata?”

Mun san ba a raba ba, ana jiran dawowar ƙanin mijin daga tafiya.

Hajiya ta ce, “Ai da bakinta ta ce a yanka.”

“Ta ce a yanka, Hajiya. Ta ce ta ba ku? Tun ranar da ta cika, ko ɗankwalinta ba nata ba ne, na magada ne. A ciki kuma akwai marayu.” Sai ta juyo gare ni. “Ke da ba kya barin mutum ya sa allura kafin guga, yau kin yi sallah kafin alwala.”

Ba mu yi haɗi ba a ranar. Na tattara ƙyallayen, na mayar da su cikin ƙullin, na hau mota zuwa Azare. Tun ina ƙarama a Islamiyya aka karantar da mu hukuncin mai taɓa dukiyar maraya. Ban yi nisa a karatu ba, amma wannan na riƙe shi, kuma hannuna ne ya riƙe almakashin.

Na fara da maigidana, shi ya raka ni wurin mijin marigayiya. Mutumin ya saurara, ya ce shi ya yafe, abin bai kai a tayar da hankali ba. Daga nan muka je wurin malamin da zai yi rabon. Ya sa na kwance ƙullin a gabansa.

“Malama, miji ya yafe nasa. Yaran fa? Yaro ba ya yafe haƙƙi, kuma ba a yafewa a madadinsa.”

Na ce zan sayo sababbi in mayar.

“Za ki iya. Amma akwai babba guda da ba a tambaya ba. Kada a yanke komai sai an ji ta bakin mahaifiyarta.”

Ranar da aka sa don rabo, aka ɗauko tsohuwar daga Gadau. Aka shimfiɗa kayan ɗiyarta a tsakar gida: tukwane, kwanuka, akwati biyu na tufafi, keken ɗinki. Ƙullina yana gefe. Malam ya yi bayani, ni kuma na durƙusa a gabanta.

“Iya, ni na yanka. Ban tambaya ba.”

Ta sa hannu ta ɗago ƙyalle ɗaya, kore mai ganye. Ta daɗe tana murza shi.

“Wannan ni na saya mata, haihuwarta ta fari.” Ta ajiye. “Malam, a sa waɗannan a rabona, a matsayinsu na zannuwa lafiyayyu. Na akwati a bar wa yara.”

Na ce, “Iya, bari in sayo miki wasu.”

“Na kasuwa? Ta taɓa ɗaura su?”

Da haka haƙƙin marayu ya sauka daga wuyana, ya koma na tsohuwa, wadda ta karɓi tsumma a madadin sutura. Na jira ta ce ta yafe. Ba ta ce ba. Ta tura mini ƙullin da ƙafa.

“Kin iya yanka. Je ki haɗa, mu gani.”

Bayan mako biyu muka sake haɗuwa a Yana, mu biyar. Ba a yi hirar da aka saba ba. Yaya ce ta jera kalolin, ni na bi layi da allura, duk inda ya karkace na farke na sake. Kwana ukun bai isa ba, muka ƙara ɗaya.

Ni kaɗai na kai bargon Gadau. Na sami tsohuwar a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta sa na shimfiɗa bargon a kan tabarma, ta bi shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Tana taɓawa tana faɗa: wannan na suna ne, wannan na sallar da suka zo da yara, wannan ba ta san shi ba. Ta juya bayansa ta duba ɗinkin.

“Hannunki yana da kyau,” ta ce. “Saurinki ne ba shi da kyau.”

Na durƙusa a gabanta, kaina a ƙasa.

“Tashi, 'yar nan, gwiwarki za ta yi ciwo. Na yafe miki duniya da lahira. Ninke shi ki kai mini ɗaki.”

Na ninke shi gida huɗu, na kai.